Ranar da Dije Ta Ranƙwashi Goggonta

Gwandu,
farkon damina.

Zuwa ga Ladi,

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai tsare wanda ya tafi da wanda ya zauna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan motar da ta ɗauke ki ta sauke ki Kalgo lafiya, ke da akwatinki da tabarmarki. Allah Ya sa kin shiga garin a sa'a, Ya tsare ki daga sharrin ruwa da sharrin baki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Mahaifinki yana gaishe ki. Ki gaishe mini da Inna Tumba da ta yarda ta riƙe ki a gidanta. Ki riƙa durƙusa mata safe da yamma, kada karatu ya sa gwiwarki ta yi tauri.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Ke 'yar fari ce, kin san bakina ba ya sakewa a gabanki, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Abin da na kasa faɗa muna ɗaki ɗaya shi zan faɗa yanzu, tunda takarda ba ta kallon mutum.

Ana jibi za ki tafi, ina cikin ɗaki na ji kina gaya wa mahaifinki yadda za ki riƙe ajin 'yan matan da aka ba ki. Kika ce, "Baba, yadda aka yi mana haka za a yi musu. Wadda ta amsa daidai ta tashi ta ranƙwashi duk wadda ta kasa. Kafin wata ya mutu za ka ga sun miƙe." Kina faɗa kina dariya. Shi bai yi dariya ba, tari ya yi, ya ce a kawo masa ruwa. Ya san ina ji.

To ki sani, ajin nan aronsa aka ba ki. Matan Kalgo sun ba da 'ya'yansu ne zuwa kaka kawai, su ga abin da za a yi da su. A cikinsu akwai wadda duk suke kallon bakinta, sunanta Dije, a da ɗalibata ce. Ranar da ta janye ɗiyarta ba wadda za ta bar tata, a rufe ajin, ki dawo Gwandu da akwatinki, kuma Allah kaɗai Ya san shekarar da za a sake buɗe wa 'yan matan garin ƙofa. Na je wurinta kafin ki tafi, ba ki sani ba, na kuma yi mata alkawari a kanki. Ba za ki gane nauyinsa ba sai kin ji abin da ya shiga tsakanina da ita.

Ni ma a makaranta na koyi ranƙwashin nan. Ina ƙarama aka kai ni makarantar 'yan mata a birni, zamanin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu in sun ji an zo neman yaran boko. Har yau in na rufe ido ina ganin tsakar gidan. Farin yashi da muke sharewa da sassafe har zanen tsintsiya ya fito kamar kitso. Tsamiya guda a tsakiya, inuwarta tana rarrafe daga ƙofar aji zuwa wajen randuna, da ita muke gane lokacin tashi. Ƙamshin sabon alli da warin tawada. An tattaro mu ne daga garuruwa dabam-dabam, ba wadda ta san uwar wata. Kan da zan ranƙwasa kan baƙuwa ne, in na buge shi ba mai tambayata a gida. Na bugi kawuna da yawa, Ladi, na kuma ji daɗin bugun, domin ni ke zuwa ta ɗaya. Na fito ina da yaƙinin cewa abin nan ne ya sa na yi ƙoƙari. Ban taɓa tsayawa na tambayi inda waɗanda nake ranƙwasa suka ƙare ba. Wasu tun ba a gama ba suka koma garuruwansu, muka ce dama ba su da kai.

Ke ma ta ɗaya kike zuwa, shi ya sa nake jin tsoro. Kada ki yarda da shaidar da kike yi wa makarantarki. Wadda ta zauna a gaban aji ba ta san irin iskar da ake shaƙa a baya ba. Kafin ki ce wata al'ada ce ta gyara ki, ki tuna fuskokin waɗanda aka yi ta a kansu, ki faɗa wa kanki gaskiya ko su ma ta gyara su.

Bayan aurena aka tura mahaifinki wani ƙauye a gefen Kambaza ya buɗe makarantar elementare. Lokacin kina goye. Mai gari ya ce tunda matar malam ta yi boko, a tara mata 'yan mata ita ma. Aka kafa mini rumfar kara a bayan gidanmu, gindin wani gawo, aka kewaye ta da zana. Yaran kuwa na manoma ne da na Fulanin da suka daɗe da zama, aure ya cakuɗa su har ba a rabe wannan gida da wancan.

Watannin farko sun yi mini daɗi, har nakan yi mafarkinsu. Su shigo da sassafe jikinsu na ƙamshin hayaƙi da man shanu, su zube kan tabarmi suna surutu kamar kasuwa ta ci. Hasken rana yana ratsowa ta tsakanin karan rumfa, ya zane su layi-layi. In na yi tambaya hannuwa su tashi gaba ɗaya, har da na waɗanda ba su san amsar ba. Ana karɓa-karɓar goyonki, kikan yi barci a cinyar wannan ki farka a cinyar waccan. Dije ce ƙaramarsu, 'yar siririya mai wuri guda ɗaure a kitson goshinta. Kafin in rufe baki ta ba da amsa. Kusa da ita kullum akwai Hurera, ƙanwar mahaifinta, autar gidansu, wadda ta girme ta da 'yan shekaru. Hurera ba ta da saurin lissafi, amma ita ta goyi Dije tana jaririya, ita ke riƙo hannunta su zo.

Ni kuwa sai na ga surutun ya yi yawa, na ga abin bai yi kama da makarantar da na sani ba. Ran nan na ce daga yau wadda ta amsa daidai za ta zaga ta ranƙwashi waɗanda suka kasa. Da farko abin ya zama wasa, taubasai suka samu abin da suke so, kowa na neman kan 'yar kawunta. Da aka zo kan Dije, ta amsa, ta tashi tana taɓa kawuna a hankali kamar mai zaɓen ƙwai, ta tsallake mutum biyu ta koma ta zauna.

Na ce, "Kin tsallake biyu."

Ta ce, "Malama, wagga Goggona ce. Wagga kuwa sunan Innata gare ta."

Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara. Sannan na haɗe fuska na ce, "A rumfar nan babu goggo, babu inna. Mai sani da marar sani kawai ke akwai. Yau na ƙyale ki, gobe ba zan ƙyale ba."

Ki duba maganar nan da kyau, domin ina jin irinta na kan harshenki. Yarinya ba ta tuɓe danginta a ƙofar aji kamar takalmi. Da su take shiga, da su take fita, kuma in an tashi, kwano ɗaya za ta sa hannu da wadda kika ce ta buga. Kafin ki buɗe littafi a Kalgo, ki zauna gaban Inna Tumba ki tambaye ta yaran ɗaya bayan ɗaya: wace ce goggon wa, wace ce ke ɗauke da sunan uwar wa, gidajen wa da wa ne ba sa ga maciji. Wannan shi ne karatunki na farko, kuma ba a koya miki shi a makarantar horon malamai ba.

Daga ranar shiru ya fara shigowa rumfata, yadda ruwa ke shiga fadama, ba ka ganin zuwansa sai dai ka ji ƙafarka ta jiƙe. Hannuwa suka daina tashi. In na kira Dije na ce bakwai sau shida, sai ta dubi tabarma ta ce arba'in da ɗaya. In na matsa ta ce arba'in da uku. Sauran masu ƙoƙarin ma haka, kullum a gefen amsa suke sauka. In kowa ta kasa, ni ke zagawa in ranƙwashe su duka da hannuna, sai in ga sun miƙo kawunan ba gardama, har da 'yar walwala a fuskarsu. Ban fahimci komai ba. Cewa na yi rana ce ta yi zafi, ko kuwa farin shiga ne ya wuce, ainihinsu ya fito.

Cikin haka mai duba makarantu ya zo a kan kekensa, dattijo mai farin gemu. Ya yi musu tambayoyi, suka yi masa abin da suke mini, don sun zaci shi ma dokarsa ke nan. Ya juyo ya ce, "Malama, lafiya yaran nan?" Kunya ta kama ni, na nemi inda zan sauke ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran ƙauyen nan kansu ba ya ɗauka. Nono ne ya cika shi." A gabansu na faɗa, da harshen da suke ji. Ba wadda ta motsa, sai Hurera da ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta mayar da kai.

Kada ki taɓa sayen mutuncinki gaban babba da mutuncin yaran da aka ba ki amana. Abin da malama ta faɗa a kan yara suna ji, shi suke ɗaurawa kamar zane su yi ta yawo da shi. Kuma shiru ba iri ɗaya ba ne. Akwai na rashin sani, akwai na tsoro, akwai na kunya, akwai wanda yara suka haɗa baki suka ƙulla. In ajinki ya yi shiru, ki fara tuhumar kanki kafin ki tuhumi kawunansu.

Sai gero ya yi kai, aka fara tura yara gonaki korar tsuntsaye. Wata Jumma'a da hantsi, ba makaranta, na goya ki na kama hanyar wata ruga zan je barka. Hanyar ta ratsa tsakiyar gonaki, geron ya fi ni tsawo, ban ganin komai sai kore dama da hagu da ɗan tsagin sama a bisa kaina. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ganye na shafar fuskata, ke kina barci, numfashinki na ɗumama mini wuya. Na yi ta tafiya har na rasa ko gaba nake yi ko geron ne ke wuce ni.

Can sai na ji murya daga gabas, an ja ta da tsawo yadda ake kiran shanu.

"Bakwai sau shidaaa!"

Daga wata gona mai nisa aka amsa, "Arba'in da biyuuu!"

Tsuntsaye suka tashi buu kamar hayaƙi, suka karkata suka sauka gaba. Na tsaya cik. Wata murya ta sake tashi daga bayana, "Tara sau takwas! Ta Hurera ce wagga, kowa shi yi shiru!"

Aka yi shiru, sai kukan kurciya. Sannan muryar Hurera mai kauri ta fito tana ɗari-ɗari, "Saba'in da ɗaya?"

"Saura kaɗan, Goggo, kin kusa!" Muryar Dije ce, ko cikin barci na san ta. "Ɗauki tara sau bakwai ki aza mishi tara!"

Wata ta ce, "Hurera, tsuntsaye sun ƙoshi sun tahi kina nan kina azawa!"

"Ke Jumma, bari in hito gonar ga, sai na cusa miki zangarniya a baki. Saba'in da biyu!"

Guɗa ta tashi daga kusurwa huɗu, ana kaɗa gwangwani, tsuntsaye suka sake tashi. Haka suka yi ta yi. Daga lissafi suka koma haɗa baƙaƙe, wannan ta jefo kalma, waccan ta warware ta harafi-harafi. Duk abin da na koya musu yana nan, ba abin da ya zube, har da wanda na faɗa sau ɗaya na wuce. Ba na ganin kowa, muryoyi ne kawai ke tashi daga cikin geron suna haɗuwa a sama, kamar gonar ce da kanta ke karatu. Ban san iya tsayuwar da na yi ba. A rayuwata ban taɓa jin makaranta mai kyau kamar wannan ba, kuma babu ni a cikinta.

Da a ce ina da hankalin da nake da shi yau, da na koma gida na yi sujada. Amma kafin in kai rugar daɗin ya juye ya zama fushi. Na ce ashe wawiya suka mayar da ni. Ashe sun sani suka bar ni na ji kunya gaban dattijo. Ban ga yara masu tsare girman junansu ba, maƙaryata na gani, kuma kin san yadda na tsani ƙarya.

Washegari na tsayar da Dije a gaban aji. Na ce, "Tara sau takwas." Ta ce saba'in da ɗaya. Na ɗauko tsumagiya na zuba mata a ƙafa, na ce, "Na ji ki jiya a gona. Tara sau takwas." Ta ƙi faɗa. Na ƙara mata. Na ce ba za a tashi ba sai ta faɗa, ko da rana za ta faɗi. Daga ƙarshe ta faɗa, da murya kamar ta mai zazzaɓi. Na juya na yi wa Hurera wata tambayar da na san ba za ta iya ba, ta kasa. Na ce, "Dije, je ki."

Ta je ta tsaya gaban goggonta. Hurera ta zame ɗankwalinta da kanta, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Buga, Dije. Ba komi, na yahe miki. Buga mu tahi gida."

Ta buga. Ba da ƙarfi ba, amma duk rumfar ta ji.

Ki ji ni da kyau a nan, kada ki ce tsufa ya sa na yi laushi. Ban ce ki zama ruwan sanyi ba. Wadda ta yi sata, ko rashin kunya, ko ta zagi uwar wata, ki hore ta da hannunki, ke za ki amsa a gaban Allah. Amma kada ki ari hannun yarinya ki bugi 'yar'uwarta da shi. Kuma ranar da kika gano yara sun ɓoye miki wani abu, kada ki yanke hukunci a ranar. Ki kwana, ki tambayi kanki abin da suke tsarewa. Fushin wanda aka kunyata kama yake da kishin gaskiya, har mai shi ba ya rabe su.

Dije ba ta sake zuwa ba. Kafin la'asar labari ya zaga gari, yara na nuna ta a bakin rijiya suna cewa ga wadda ta bugi goggonta. Mahaifinta ya zo zaure wurin mahaifinki, ina jin su ta bayan zana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, mun ba ku ɗiya ku koya mata karatu, kun koya mata bugun manya. In ta ƙara shekara nan, ni za ta buga." Ya janye Dije da Hurera, wasu gidajen suka bi shi. Rumfar da ba ta isarmu sai ga shi tabarma biyu sun ɗauke mu.

Da waɗanda suka rage na sake farawa. Na ce ranƙwashi ya ƙare, amma ba su yarda da ni nan da nan ba, shirun ya daɗe bai janye ba. Wata rana dabara ta zo mini. Na sa aka kafa zana a tsakiyar rumfa, rabi nan rabi can, ba mai ganin wata. Na ce su yi ta jefa wa juna tambaya yadda suke yi a gona, ni kuwa na koma gindin gawo da ke ina tsinke zare. Da farko raɗa-raɗa, sannan wata ta yi dariya, sannan muryoyin suka dawo. Ƙarama takan gyara wa babba ba tare da sun haɗa ido ba, ba wadda ta ji kunya. Na hana kaina tsawatarwa a kan surutu, abin da ya fi komai yi mini wuya. Da dattijon nan ya dawo wata shekara, ya yi ta tambaya suna amsawa har ya gaji ya zauna. Ya ce, "Malama, an sake miki yara ne?" Na ce a'a, su ne. A cikinsu aka ɗauki waɗanda suka wuce makarantar birni, wata ma yanzu tana aikin asibiti. Ba wadda ta kama ƙafar Dije a cikinsu.

Littafin bai canza ba, allon bai canza ba, ni ma ban ƙara ilimi ba. Abin da ya canza shi ne yarinya ta san in ta buɗe baki ba wanda zai wulaƙanta, ko ita ko wata. Kowace makaranta tana da iskarta kamar yadda kowane gida ke da tasa, mai shiga yakan ji ta tun daga zaure. Yanzu ana ta zancen mulkin kai, ana cewa a gina azuzuwa a kawo littattafai. A gina, a kawo. Amma ni na ga rumfar kara ta yi albarka, na kuma ga ta mutu, duk a gindin gawo ɗaya.

Yanzu ga zancen tafiyata. Da aka ce ke za a tura Kalgo, Inna Tumba ta aiko mini cewa matan garin sun noƙe. Wai akwai wata mai sayar da fura da nono, wadda mata ke taruwa gidanta, ta ji ko ɗiyar wa ce malamar, ta ce ɗiyarta ba za ta je ba. Da aka faɗi sunanta da garin da aka auro ta, na gane. Na ce wa mahaifinki zan je gaishe da Inna Tumba. Bai tambaye ni komai ba, ya nemo mini mota.

Na same ta tana dama fura. Ta zama mace sosai, amma idon bai canza ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta cika mini ƙwarya. Muka yi ta gaisuwa, gida, yara, shanu, ruwan bana, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai maganar.

Na ce, "Dije, na zo ne a kan tsumagiyar nan."

Ta yi murmushi ta ce, "Haba Malama. Mu da munka tashi da sandar kiwo, mi tsumagiya za ta yi muna? Kahin in kai gida na mance da ita."

Ta ci gaba da juya ludayi cikin ƙwarya. Can ta ce, "Goggo ta rasu wurin haihuwa, ko kin ji? Tun daga ranar nan har ta bar duniya ban ƙara sa hannu kwano guda da ita ba. Ta yi kira, ta yi hushi, har kuka ta yi. Ita ta yahe tun cikin rumfa. Ni ce na kasa."

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Wata 'yar yarinya ta leƙo daga ɗaki, Dije ta ce, "Goggo, taho ki gaida Malama." Sunan marigayiyar aka sa mata, shi ya sa uwar ba ta kiranta sai da Goggo. Yarinyar ta durƙusa, idonta na kan littafin da ya leƙo daga jakata, har uwar ta kore ta ba ta daina waiwayensa ba.

Dije ta ce, "Kin gan ta. Kullum sai ta yi mini kuka a kan makarantar ga. Ni ba duka nike tsoro ba, Malama. In ta yi laihi a buge ta. Tsorona a ce ta bugi wata, ko a sa wata ƙanƙanuwa ta buga min ita."

Na ce, "Ɗiyata ba za ta sa ta ɗaga hannu ga kowa ba, ba kuma za ta sa kowa ta ɗaga mata ba."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tana yarinya. Ta ce, "Ita ta ce, ko ke kika ce?"

Na ce, "Ni na ce. Ita ba ta sani ba tukuna."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Malama ba ta sake hali ba." Sannan ta ce, "To, zuwa kaka. In an yanke gero mu gani."

Yanzu kin sani. Na yi magana da bakinki ban nemi izininki ba, ban kuma ba ki haƙuri a kan haka, ni na haife ki. Amma daga Gwandu hannuna ba ya kaiwa Kalgo, ajin naki ne, ke kaɗai za ki tsaya a gabansu. Saboda haka ki karanta takardar nan, ki kwana da ita. In kin ga za ki iya riƙe abin da na ɗauka, ki riƙe shi ko da aji zai yi miki surutu har kanki ya yi ciwo, ko da wasu malamai za su ce kin cika sanyi. In kuwa kin ga ba za ki iya ba, kada ki yi mini kara. Ki aiko mini kafin ki fara, in sake shiga mota in je in durƙusa gaban Dije in janye maganata da bakina, ta riƙe ɗiyarta a gida. Na yarda in ji kunya a gabanta sau biyu, amma ban yarda a yaudare ta sau biyu daga gida ɗaya ba.

Ina jiran amsarki ta hannun mai motar ranar kasuwa.

Ki tsare sallarki a kan lokaci. Kada ki kusanci gulbi in ya kawo, ba ki san halinsa ba. Allah Ya tsare ki a zaune da tsaye, Ya tsare harshenki da hannunki, Ya sa yaran da aka ba ki su zama shaidar alheri gare ki duniya da lahira. Ya mayar mini da ke lafiya, fuskarki a sake. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.